Furosesan da Ya Ci Gwajina

"Juya baya, Yaya," in ji ƙanwata, tana riƙe da sukudireba.

Sati uku na kasa zaɓa tsakanin furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da na haɗa da hannuna. Duka manya ne, kamar tagwaye, ni kuma ina son wanda zai jure in ƙure masa gudu. Mai shago ya ba ni su gwaji, ɗaya zai koma yau. Ƙanwata, mai gyaran kwamfuta, ta ce za ta sa min su ba tare da na san wanne ne ba.

Zagayen farko na ƙure gudu, na taɓe baki.

"Wannan nishi yake. Cire shi."

Zagaye na biyu na buga tebur.

"Shi ke nan! Kin ga yadda yake tashi? Shekara goma ina harkar nan, yarinya!"

"Ka tabbata, Yaya?"

"Har rantsuwa zan yi!"

Ta jawo durowa. Ga su duka biyun kwance a kwalinsu.

"To mayar wa mutum kayansa. Tsohon furosesanka ne a cikin kwamfutar tun ɗazu. Ƙurar fanka kawai na hure."