Gidan da Ya Ci Hanya

Akawun ofishin safiyo ya hango ungozomar tun daga bakin ƙofa, sai ya duƙufa kan takardunsa.

"Mama, mai makullin ɗakin taswira ya fita."

"Ni kuma na shigo," in ji ta. Ta jawo benci ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. "Tun ina yarinya nake jiran naƙuda, jiran makulli ne zai gagare ni?"

An yi mata yawo da hankali iri-iri. Yau fayil ya ɓata, gobe oga yana taro, jibi a sake rubuto buƙata. Ita dai abu ɗaya take nema: tsohuwar taswirar da aka yanka unguwarsu fuloti-fuloti.

A bakin layinsu akwai wani gida da ya turo ɗakuna biyu da shago cikin hanya, har ta koma lungu. Kowa ya saba raɓawa ta gefe. A gabanta dai ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai ranar da jini ya ɓalle wa matar wani makanike a layin bayan haihuwa. Motar asibiti ta iso, ta kasa shiga. A baro aka turo matar, ungozomar na gudu a gefe riƙe da hannunta. Kafin su kai titi hannun ya saki.

Da yayan ungozomar ya ji tana zaryar ofishin safiyo, sai ga shi da sassafe, ko zama bai yi ba.

"Ki bar maganar nan. Wa ya kai ƙara? Wanda ya yi ginin ya daɗe a ƙasa."

"Ita ma yanzu tana ƙasa, Yaya."

"Za ki zama abin nuni a dangi."

"In zama."

Yanzu ga ta a benci har la'asar. Da akawun ya ga ko ruwa ba ta tashi sha ba, sai ya ja aljihun teburinsa, makullin ya fito. Ya kawo wata doguwar takarda a nannaɗe, gefenta duk cin gara, ya shimfiɗa. Ta bi layinsu da yatsa. Ga hanya nan ɗoɗar, faɗinta ɗaya tun daga titi har ƙarshe.

"Mama, in kika shigar da wannan, rusau za a yi fa. Mai gidan ba zai ƙyale ki ba."

"Kai dai buga hatimi."

Masu awo suka zo da igiyarsu. Sai da suka fasa daɓen ɗaki suka tono fegin siminti na asali mai nuna iyakar fuloti, suka shafa jan fenti a bango. Yayanta ya daina amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta fasa gaishe shi ba.

Ranar da katafila ta iso, layin ya cika maƙil. Makaniken na tsaye can baya, jaririyarsa a kafaɗa. Direban ya leƙo ta taga.

"Ina mai gidan? Ba na taɓa gini sai na ga mai shi."

Ungozomar ta ratsa mutane ta fito gaba.

"Ga ni. Dakata kaɗan, ɗana, in sauko da hoton Baba daga bangon ɗakina."