Guguwar Salala

"Jiya mijinki ya ce gari ya washe, yau ya ce ana ruwa. Ke ba ki lura bakinki yake bi ba?" in ji yayata, tana fifita garwashin shayi.

Na yi mata banza. Mijina yana aiki a Salala, can Oman, ni ina Omdurman, idona a kan taswirar waya. Guguwar teku tana tafe, masana sun kasa tsayar da magana. Da safe su ce Yaman ta nufa, da yamma su ce ta karkato kansa. Duk inda jan layin hanyarta a taswirar ya lanƙwasa, zuciyata sai ta bi shi.

Amma maganar Yaya ta tsaya mini a rai. Kullum ni ke fara faɗin inda guguwar ta dosa, sannan ya ce, "Haka ne, habibti, masoyiyata."

Ranar da ta sauka a Salala, aka ce layuka duk sun yanke. Ina cikin kuka ya kira, muryarsa tas.

"Iska za ta ɗage rufi," ya ce. "Yi mini addu'a."

Na kasa kunne ina neman iskar. Sai na ji kwandasta yana ƙwala wa fasinja kira: "Bahri! Bahri!"

Bahri, garin da ke tsallaken kogi daga Omdurman. Ashe kogi kawai ke tsakaninmu. Ya san na ji.

"Wace tasha ce?" na ce, ina jawo mayafina. "Kar ka motsa. Ga ni nan tafe, ka faɗa mini idonka cikin nawa."