Daƙiƙa Huɗu a Ɗakin Gwajin Gyaɗa

"Ba zan cire ba," in ji Malam Usaini. Ko juyowa bai yi ba, ya ci gaba da zura samfurin gyaɗa cikin na'ura.

Injiniya Kamaruddeen ya tsaya riƙe da takarda. Tun da safe ya taso daga birni, daga ofishin kamfanin da ke sayen gyaɗar wannan yanki na Ɗanbatta. Kamfanin ne ya gina ɗakin gwajin a ƙauyen, ya ɗauki Usaini aiki shekara tara da suka wuce. Duk buhun da na'urar ba ta wanke daga gubar funfuna ba, ba ya hawa mota.

Abin da ya kawo injiniyan wani ɗan akwati ne da bai wuce gwangwanin sadin ba, maƙale tsakanin na'urar da kwamfuta. Wayar haɗin da kamfani ya bayar sai ta ɗauki minti ashirin kafin ta kai sakamako ɗaya cikin kwamfuta. Shi ya sa a sauran ɗakunan gwaji ma'aikaci ke duba allon na'ura ya kwafa da hannu, a bar waya ta yi ta jan ƙafa har la'asar. Akwatin Usaini kuwa cikin daƙiƙa huɗu yake kaiwa. Da tarkacen rediyo da wani ɗan allon lantarki da ya sayo a birni ya haɗa shi, cikin wata biyar, da gaggawa kamar wanda ake kora. Ofis bai ba shi izini ba. Shi ma bai nema ba.

"Ga umarni a rubuce," in ji injiniyan, ya miƙa takardar.

"Karanto mini. Hannuna duk mai ne."

Kamaruddeen ya karanta: a cire akwatin yau, a koma kwafa daga allo, in ba haka ba a kawo wani ma'aikacin. Ransa ya ƙara ɓaci da ya lura da ɗan abin sauraro a kunnen Usaini na hagu. Ana karanta masa takardar kora, shi yana jin rediyo!

A waje jakai da kurar shanu sun yi layi har gindin tsamiya. Duk manomin da ya shigo sai ya yi sallama da ƙarfi, ya faɗi sunansa da yawan buhunansa, sannan ya miƙa samfur ga Inna Hure, shugabar ƙungiyar manoma. Ita kuma ta ajiye shi a gefen dama na teburin, daidai inda ta ajiye na baya.

"Injiniya," in ji ta, "motar kamfani azahar take tashi. Kafin zuwan akwatin nan rabinmu ke komawa gida da kaya, gyaɗa ta kwana ta sha raɓa. Ka cire shi, ka cire mu."

"Inna, ba ni da tabbacin lambar da yake aikawa gaskiya ce."

"To gwada," in ji Usaini. "Kai ka kwafa daga allo, ni in faɗi abin da ya shiga kwamfuta. In ka sami saɓani ko ɗaya ne, da hannuna zan fasa shi."

Suka fara. Samfur goma, babu saɓani. Ashirin, babu. A na ashirin da uku lambobin suka sha bamban. Kamaruddeen ya miƙe tsaye da murmushi, ya sake duba allon, murmushin ya gushe. Shi ne ya rubuta bakwai a maimakon ɗaya. Da an bi alƙalaminsa, da buhu shida na wata gwauruwa sun koma gida.

Kunya ta koma masa fushi. Ya rufe murfin kwamfutar da ƙarfi, ya zura sabon samfur da kansa, ya danna na'urar, ya ɗora yatsa a kan allon.

"Bar kwamfuta. Nawa ka gani a nan?"

Manoman da ke bakin ƙofa suka daina hira. Inna Hure ta damƙe bakin mayafinta. Usaini ya sunkuya wajen allon kamar mai nazari.

"Huɗu da ɗigo biyu," ya ce. "Ta wuce."

Daidai ne. Wani a waje ya saki kabbara har jakinsa ya zabura.

Kamaruddeen ya daɗe yana juya akwatin a hannu. Daga baya ya ninke takardar ya sa aljihu. Ya ce zai rubuta wa ofis cewa a bar shi, kuma a nemi zanensa don sauran ɗakunan gwaji.

"In za a ɗauka, a ɗauka da sunana," in ji Usaini. "Kuma daga ɗakin nan ba inda za ni."

Kafin azahar an gama lodi, ko buhu ɗaya bai kwana ba. Injiniyan ya bi bayan motar gyaɗa.

Sai da ƙarar motocin ta ɓace sannan Inna Hure ta ce, "Sun tafi." Usaini ya zare abin kunnen, wanda kwamfuta ke karanto masa kowace lamba ta cikinsa ko murfinta a rufe yake. Ya laluba bayan ƙofa ya ɗauko sandarsa: shekara uku ke nan rabon idanunsa da ganin haske, kuma kaf ƙauyen ba a sami mutum ɗaya da ya faɗa wa ofis ba.