Hancin Mai Haɗa Ƙamshi

"Madam, turaren nan ya yi yawa," in ji mai otal, ya dire jarkar sabulun ruwa a gabanta. "Baƙina har tari suke yi."

Ta buɗe murfin, ta shaƙa, ba ta ji komai ba. Ita da kowa a Gangaren Tudu ya san ta da haɗa ƙamshin lemo da na fure a sabulu, yau kamar ruwan randa ta shinshina. Ta yi murmushi, ta ce za ta gyara.

Bayan tafiyarsa ta bi kwalaben sinadaran ɗaya bayan ɗaya, har wanda a da yake sa ta hawaye, duk ɗaya ta ji su. Ba ta gaya wa kowa ba, don hancin nan ne abincin 'ya'yanta.

Da yamma ta shiga kicin, ta janyo ƙofa saboda sauro, ta ɗauki ashana don ta kunna murhun gas ɗinta. Tana goga tsinken a jikin kwali ta ji muryar maƙwabciyarta a tsakar gida:

"Wai daga ɗakin wa warin gas ɗin nan yake fitowa?"