Kyanwar da Ta Kira Ruwa

Ranar da shukar shinkafa ta fara ƙonewa a gona, Mai gari Thongsuk ya gano mai laifi, wai kyanwar tsohuwa Bunruan mai rini. Kyanwar fara ce sol, idonta ja, irin da kakanni suka ce tana korar albarka. Tir! Ƙato guda ya rasa abokin faɗa sai mage.

"Gwaggo, ki sa ta a buhu ki kai kogi, ko mu kai ta da kanmu."

"Ita ta kulle sama, Mai gari? Ko ɓera ba ta iya kamawa fa."

"Na dai faɗa miki."

Maƙwabtan da suka sha cin kwaɗon gwanda a gidanta duk suka yi gum. Washegari aka ga Bunruan ta dawo daga kogi da buhu wayam, hannuwanta shuɗi kamar kullum. Har da masu yi mata sannu da ƙoƙari, marasa kunya.

Kwana biyu bayan haka aka tsinci kwando a ƙofar Mai gari, da kyanwa mai launin hadari a ciki, irin mai kawo ruwa, wadda ba a saye sai dai a ba ka kyauta. Ko tambayar wanda ya ajiye bai yi ba. Cewa ya yi halinsa na gari ne ya jawo ta.

Aka rataya kwandon a gora, aka zaga gari da ganga, kowane gida na watsa mata ruwa don ta yi kuka sama ta ji. Ta runtse ido gam, tana ta kuka abin tausayi. Bunruan kaɗai ta ƙi watsa ko ɗigo, aka ce baƙin ciki ne.

Kafin yamma sama ta ɓarke. Mai gari ya tsaya a gaban haikali, ɗakin ibadarsu, jiƙe sharkaf, yana bugun ƙirji.

"Wannan 'yata ce! Kifi kullum, kuma duk wanda ya taɓa ta ni ya taɓa!"

Aka ɗauki tafi, su ɗin dai da suka yi gum rannan. Shi kuwa ya zaro farin ƙyalle ya shiga goge ta a gaban kowa.

Ƙyallen ya rine shuɗi, kyanwar ta buɗe jajayen idanunta ta dube shi.