Nonon Dada Mbarka

Lalla Shalbiya ba ta karɓi ambulan ɗin da hannunta ba. Da haɓa ta yi nuni, Saliha ta ajiye shi a kan tire kusa da kofunan shayi, ta ci gaba da tsayuwa tunda ba wanda ya ce ta zauna.

"In taimako ne, ki faɗa da baki. Ba sai da takarda ba."

"Ba roƙo ya kawo ni ba, Lalla. Daga asibitin Sfax ne. An gwada jinina, an ga abin da ya kashe Umma da yayyena biyu. Likita ta ce in kai wa kowa nasa."

"Kowa? Au, yau ni ce kowa?"

Saliha ita ce autar Dada Mbarka, baƙar matar da ta shekara arba'in tana wanki da girki a wannan babban gida na garin Gabes, har sankarar mama ta cinye ta a ɗakin bayan kicin. Ranar jana'izarta Shalbiya ta aiko da kwanon kuskus, ita kuwa ba a ga ƙeyarta ba. Haka take da mu baƙaƙen gari. In ta gaisa da ɗayanmu, sai ta nemi turare ta shafa a tafin hannu.

Saliha na fita, Shalbiya ta yage bakin ambulan ɗin. Takardar ta ce akwai wani lahani a ƙwayar halitta da ake gadonsa, mai jawo sankarar mama da ta ƙwan mace, kuma duk ɗan'uwan mai shi ya kamata a gwada shi tun da wuri. Ta karanta sau biyu, hannunta ya tafi ƙirjinta na hagu ba da saninta ba. Mako uku ke nan tana jin wani ƙullutu a wurin kamar ƙwallon dabino. Ba ta faɗa wa mijinta ba, balle 'ya'yanta mata biyu.

Tsoro ya kama ta, amma bai daɗe ba ya rikiɗe ya zama fushi, don ita fushi ya fi mata sauƙi. Ai nono ne! Kowa a gidan ya san labarin. Mahaifiyarta, Lalla Zubaida, ta shekara goma sha ɗaya da aure kafin a ga jaririya a cinyarta, kuma ko ɗigon nono bai zo mata ba. Aka yi dace a makon ne Mbarka, tana yarinya lokacin, ta haifi 'yar da aka ce ba ta zo da rai ba, sai aka miƙa mata 'yar masu gida ta shayar. To ga sakamakon. An bar 'yar dangi ta tsotsi jikar bayi, yanzu cutarsu ta biyo ta.

Ranar Alhamis ta biya wurin mai gyaran kai aka miƙar mata da gashi, kamar yadda ake yi mata duk mako tun tana 'yar shekara biyar. Washegari ta ɗauki lemarta, don rana ba ta taɓa yi wa fatarta daɗi ba, ta sa direba ya kai ta Sfax.

Likitar mai ba da shawara kan cututtukan gado matashiya ce. Ta ɗauko takarda tana zana dangi, tana tambaya.

"Mahaifiyarki fa?"

"Shekara tamanin da huɗu ta yi, ko ciwon kai ba ta sani ba. Mu jininmu tas yake. Ki dai gaya mini nawa na tsotsa a nonon baiwar nan."

"Ba ya bin nono, Lalla. Jini yake bi, daga uwa ko uba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Amma ki bari a duba ƙullutun nan yau, a kuma ɗebi jininki." Likitar ta dubi ambulan ɗin, ta dubi fuskarta. "Wadda ta kawo miki wannan, ki koma ki tambaye ta dalili."

Shalbiya ta miƙe tana dariya. Ta ce su ajiye allurarsu ga masu irin jinin. Ƙullutu kuwa kitse ne, ta riga ta yanke wa kanta hukunci.

Daga can ta sa aka zarce da ita unguwarmu, karo na farko a rayuwarta. Ba ta sauko ba, kada takalminta ya taɓa ƙasarmu. Saliha na ƙofar gida tana tankaɗen lalle, rigarta a shafe a ƙirji tun aikin cire mama da aka yi mata bara. Shalbiya ta sauke gilashi, ta wurgo ambulan ɗin ƙasa.

"Ga kayanku. Ba ya bin nono, likitarki ce ta faɗa. Nan gaba ki san gidan da za ki kai wa jaraba."

Saliha ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe shi, ta tako har jikin motar.

"Na sani, ni ma ta faɗa mini. Umma ta shayar da rabin unguwar nan, kin ji na kai wa wani? Cewa aka yi in lissafa waɗanda ta haifa."

Ta zura hannu ta taga, ta ɗora ambulan ɗin a cinyar Shalbiya.

"Ta rantsar da ni kada in faɗa, amma gara in yi kaffara da in sake wanke gawa. Ki koma a duba ki, ki kai 'ya'yanki. Jaririyar da aka ce ba ta zo da rai ba, Yaya, ita ce zaune a motar nan."