Layar Agali

Sidi Amar, mai kula da awo a mahaƙar yuraniyom, ya turo wa Agali ɗan ƙarfen a kan tebur.

Laya ma'aikata ke ce masa. Kowa na maƙala tasa a ƙirji in zai shiga rami, ita kuma tana riƙe lissafin tururin dutsen da ya ratsa jikinsa. Wanda tasa ta cika sai a sallame shi, wai don lafiyarsa. Katin asibitin iyali kuwa a bakin ƙofa ake karɓewa, wannan ba a faɗi don lafiyar wa ba.

"Taka ta cika har ta tumbatsa," in ji Sidi.

Agali ya yi dariya ta cikin amawali. "Na'urar taku ta sha shayi ya yi mata yawa. Sake aunawa, ɗan'uwa."

"Na sake. Wallahi na so a ce ƙarya take."

Agali ba mai gardama ba ne, amma ranar ya kafe. Ya fi kowa tabbacin layar nan ba ta da dalilin cika, sai dai hujjarsa ba irin wadda ake faɗa a ofis ba ce.

Kuma katin nan shi ke riƙe da Tekna, 'yarsa tilo, wadda tun bara take haɓo tana ramewa, likitoci na ta juya ta ba su gano komai ba. Mutumin da fari ya cinye wa raƙuma, ya zo garin nan na Arlit hannu rabbana, ya tsinci duwatsun da mahaƙar ke zubarwa bayan shingenta ya gina ɗaki da hannunsa, yau a ce ya koma ina?

"Abin da ya ɗaure min kai," in ji Sidi, "abokan raminka duk awonsu ƙasa yake. Kai kaɗai ne. Sai ka ce a cikin dutsen kake kwana."

Agali ya buɗe baki zai mayar da raha, sai maganar kwanan nan ta doke shi. Ana kukan targaɗe, ashe karaya ce.

Ya miƙe ba sallama, ya nufi gida a guje, rawani na warwarewa bai waiwaya ba.

Tun ranar da aka ba shi layar bai taɓa shiga rami da ita ba, don kada ta cika. A ƙusa yake rataye ta, jikin bangon da ya gina da duwatsun nan, inda Tekna ke kwana.